Kafin Ka Ɗauko Gwangwanin Feshi

Kowace shekara, da zarar Agusta ya raba tsakiya, jaridun Birtaniya da na Jamus kan koma wa wani labari da suka saba da shi: rina ta fitini mutane, rina ta haukace, ta bana ta fi ta bara yawa da zafin rai. Wayoyin kamfanonin kashe ƙwari ba sa hutawa. Masu kanti kan jera gwangwanayen feshi a bakin ƙofa. Wanda ya shimfiɗa abinci a lambun gidansa, ya buɗe kwalbar lemo, ya ga ƙwaro mai ratsin baƙi da rawaya na shawagi a bakinta, ba ya neman ƙarin bayani. Hukunci ya riga ya yanke: a nemo gidanta, a halaka shi.

Ina ganin wannan hukunci, a mafi yawan lokuta, kuskure ne ta fuska uku. Yana zuwa a makare, yana faɗawa kan wadda ba ta yi laifin ba, kuma yana sāka alheri da mugunta. Akwai lokacin da kashe rina wajibi ne, zan kuma zo kansa. Amma abin da ake yi a ƙarshen bazarar Turai da Amurka da sunan kare iyali, yawancinsa huce haushi ne da aka yi wa ado da sunan tsafta. Darasin da ke ciki kuma ya shafe mu, mu da rinarmu ke rataye a ƙarƙashin rufin ɗaki da bakin rumbu.

Me ya sa sai a ƙarshen bazara?

Tambayar da ya kamata mai gwangwanin feshi ya fara yi wa kansa ita ce: ina wannan rinar take tun watan Mayu? Ai tana nan, a lambun nan nasa, wani lokaci ma a cikin rufin gidansa. Bai lura da ita ba ne saboda tana da aikin yi.

A ƙasashe masu sanyi, gidan rina shekara ɗaya tak yake yi. Sarauniya guda ce ke tsallake hunturu a ɓoye cikin wani rami ko ɓawon itace. Idan gari ya fara ɗumi, wajen Afrilu, sai ta fito ta kankaro busasshen itace da baki, ta tauna shi da yawu har ya zama kamar takarda, ta gina 'yan ɗakuna, ta sa ƙwai. 'Ya'yan farko da suka fito mata ne duka, su ne ma'aikata. Daga nan ita sarauniya ba ta da aiki sai saka ƙwai, su kuwa ma'aikata su faɗaɗa gini, su fita farauta. Kafin Agusta, gidan da ya fara kamar ƙwan kaza kan iya kai girman ƙwallon ƙafa ko fiye, da ma'aikata dubbai.

A nan ne sirrin yake. Babbar rina ba ta iya haɗiye nama. Ƙugunta siriri ne, abin da ke wucewa cikinta ruwa ne kawai, musamman mai zaƙi. Naman da take farauta, ƙudaje da tsutsotsi da gizo-gizo, na 'ya'yan da ke kwance a cikin ɗakuna ne. Takan tauna shi ta ba su, su kuma su fitar mata da wani ɗigon ruwa mai sukari daga bakinsu ta sha. Ciniki ne: kawo nama, karɓi zaƙi. Muddin akwai 'ya'ya a gida, ma'aikaciya tana da albashi, ba ruwanta da kofin shayin kowa.

Sai bazara ta zo ƙarshe. Gidan ya juya ga renon maza da sabbin sarauniyoyin baɗi, tsohuwar sarauniya ta rage saka ƙwai, 'ya'yan da ke kwance suka rufe ɗakunansu don rikiɗa. Waɗanda aka rufe ba sa cin nama, ba sa kuma ba da sukari. Dubban ma'aikata suka wayi gari babu aiki, babu albashi, ga furanni sun fara ƙarewa. To ina za su? Sai gindin bishiyar da 'ya'yanta suka zube suna ruɓewa, sai kwandon shara, sai teburin mai gida.

Wadda ake kira mahaukaciya ke nan: ma'aikaciya ce da aka sallama, tana jin yunwa, kuma saura mata makonni kaɗan a duniya. Da sanyi ya kama, gidan gaba ɗaya zai mutu, in ban da sabbin sarauniyoyin da suka riga suka tashi. Ba a sake zama a tsohon gida. Wanda ya biya kuɗi a Satumba aka fesa wa gidan rina guba, ya sayi abin da Nuwamba zai ba shi kyauta. Ihu ne bayan hari.

Aikin da ba wanda ya gode

Kafin yunwar ta zo, watanni huɗu ko biyar wannan gida ya yi yana share lambu. Kowace tsutsar da aka ɗauke daga kan kabeji, kowane ƙuda da aka cafke a bayan gida, aiki ne da mai lambu bai biya ko sisi ba. Rina ba ta zaɓar nama, duk ƙwaron da ya yi yawa shi take bi. Wannan ne ya sa ta fi magungunan feshi wani abu guda: ƙwaro ba ya sabawa da ita kamar yadda yake sabawa da guba.

Farfesa Seirian Sumner ta Jami'ar UCL da ke Landan ta shafe shekaru tana wannan gardama. A 2018 ita da abokan aikinta suka tambayi mutum 748 daga ƙasashe 46 abin da ke zuwa musu a rai idan an ambaci zuma da rina. Game da zuma, mutane suka ambaci zaƙi da furanni. Game da rina kuwa, harbi, da damu, da haɗari. Abin da ya fi ban takaici a binciken shi ne, su kansu masana ba su tsira daga wannan son kai ba. Cikin maƙaloli 908 da aka duba kan amfanin waɗannan halittu biyu tun daga 1980, guda 22 ne kacal suka shafi rina. Sauran 886 duk na zuma ne. Ashe ƙiyayyar da ake yi wa rina ba a kan sani aka gina ta ba.

Da aka fara dubawa, sai ga abin da ake ta takawa. Wani nazari da Sumner ta sa hannu a ciki a 2021 ya tattaro cewa rina masu ƙari sun kai nau'i kusan dubu 33, kuma an ga suna ziyartar furannin tsirrai nau'i 960, waɗanda 164 daga cikinsu ba su da mai yi musu barbara sai rina. A 2019 kuma, a ƙasar Barazil, aka gwada wata rina mai gidan takarda a kan masara da rake, aka ga tana rage tsutsotsin da ke cinye su da ɓarnar da suke yi, har tana zaƙulo wadda ta ɓuya a cikin tsiron. Ɗaya daga cikin tsutsotsin nan ita ce wadda ta ɓulla a Afirka a farkon 2016, aka fara ganinta a Najeriya da wasu maƙwabtanta, kuma har yau manoman masara ba su huta da ita ba.

Haka ake yi wa rinar Agusta: an ci moriyar ganga, an yada kwaurenta.

Gidan da kake gani ba nata ba ne

Ko da za a yarda cewa wadda ta dame ka a kan tebur ta cancanci mutuwa, akwai sauran tambaya: ka tabbata gidanta ka fesa wa guba?

A Jamus, cikin nau'o'in rina masu zaman gida ɗaya, biyu ne kawai ke da ɗabi'ar zuwa kan abincin mutane. Waɗannan biyun kuma a wuri mai duhu suke gini: ramin ɓera a ƙasa, cikin bango, ƙarƙashin rufi, inda ido ba ya kaiwa. Gidan nan mai kama da tulu da ke rataye a fili, a reshen itace ko jikin shinge, wanda kowa ke gani ya tsorata, galibi na wasu nau'o'in ne da ba ruwansu da kek ko lemo, kuma gidansu kan mutu da wuri, kafin fitinar ta kai ƙololuwa. Mai gida ya fusata da wadda ta sha masa lemo, ya waiga ya ga gida a reshe, ya halaka shi. Gobe kuma ta jiya ta dawo, domin nata gidan na can cikin ramin da bai sani ba, wataƙila a lambun maƙwabci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tarkon kwalba da ake zuba wa ruwan sukari ma haka yake. Ba ya tambayar sunan wanda ya faɗa ciki. Yana kama ƙudaje masu amfani da malam-buɗe-littafi na dare da rinar da ba ta taɓa kowa ba, kuma ƙanshinsa na janyo waɗanda da ba za su zo ba. Gidan da ke da ma'aikata dubbai kuwa ba ya jin asarar hamsin.

Jamusawa sun kai wannan magana gaban doka. Dokarsu ta kare halittu ta hana kama ko kashe dabbar daji, har da ƙwari, ba tare da dalili mai ma'ana ba. Babbar rinar Turai, wadda girmanta ke firgita mutane alhali ta fi ƙananan haƙuri, tana da kariya ta musamman, kuma tarar lalata gidanta na iya kaiwa Yuro dubu 50 a wasu jihohi. Wanda irin wannan gida ya takura wa kan nemi izinin hukuma, a turo ƙwararre, sau da yawa a ɗauke gidan ɗungurungum a kai shi daji. Ana iya yi wa wannan tsari dariya, a ce Bature ya ƙoshi har yana yi wa rina lauya. Amma abin da dokar ke nema ƙarami ne: kafin ka kashe, ka faɗi dalili. Haushi kuwa ba dalili ba ne.

Amma ai tana kisa

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta ɓangaren can, kuma ba a kawar da ita da wasa. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya mutum 1,109 da suka mutu sakamakon harbin zuma da rina tsakanin 2000 da 2017, wato kimanin 62 a shekara. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne ko uban wani.

Sai dai a duba yadda mutuwar ke zuwa. Ga yawancin mutane, harbin rina zafi ne da kumburi na kwana ɗaya ko biyu. Waɗanda ke cikin haɗari su ne 'yan ƙalilan da jikinsu ba ya jituwa da dafin, waɗanda harbi ɗaya kan sa su borin jini a duk jiki, kumburin fuska da maƙogwaro, sarƙewar numfashi, jiri da suma cikin mintuna. Mai irin wannan jiki, abin da zai cece shi allurar adirenalin ce a kusa da gaggawar zuwa asibiti, sannan akwai magani na dogon lokaci da ke sabar wa jiki da dafin sannu a hankali, wanda ke kare fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa. Gwangwanin feshi ba ya ba shi wannan kariya, domin ba zai iya fesa wa duk garin ba. Hanya ta biyu ita ce harbi a cikin baki ko maƙogwaro, idan rina ta shiga gwangwanin lemo aka kurɓa ba a duba ba. Maganin wannan murfi ne da kofi mai nuna abin da ke ciki. Ta uku kuwa ita ce harbi da yawa a lokaci guda, kuma ba abin da ke jawo shi kamar taɓa gida. Rinar da ke neman sukari nesa da gidanta ba ta da abin karewa, ba ta harbi sai an matse ta. Wadda aka girgiza wa gida kuwa ta fito yaƙi ne, kuma dafinta na ɗauke da warin da ke kiran 'yan uwanta. Mutumin da ya hau tsani da gwangwani a hannu ya ɗauki kansa daga ƙaramin haɗari ya kai babba.

Saboda haka ma'aunin da nake kira a yi amfani da shi shi ne wuri da haɗari. Gidan rina a bakin ƙofar da ake bi kullum, ko a filin wasan yara, ko a gidan da akwai wanda jikinsa ba ya ɗaukar dafi, a cire shi, kuma ƙwararre mai kayan kariya ne zai cire. Wanda ke ƙarshen lambu ko can saman rufi, a sa masa alama, a gaya wa yara, a ba shi tazarar 'yan mitoci, a bar sanyi ya yi aikinsa.

Akwai ma inda yaƙi da rina gaba ɗaya shi ne daidai, domin kada a ɗauka tausayi nake wa'azi. Rinar Jamus ta isa Niyu Zilan a 1945, 'yar uwarta ta bi ta a shekarun 1970. Can babu abokan gabansu, sanyin kuma ba ya kashe kowane gida, sai suka mamaye dazuzzukan tsibirin kudu suna ƙwace abincin tsuntsayen ƙasar. Hukumomin can na sa musu guba a cikin nama da gangan, kuma sun yi daidai. Haka babbar rinar Asiya mai rawayan ƙafa, wadda ta shiga Faransa a 2004, aka fara ganinta a Birtaniya a 2016, tana tsayawa a ƙofar amya tana cafke zuma ɗaya bayan ɗaya. Ita ma ana bin gidajenta ana rushewa. Bambancin a fili yake: waɗancan baƙi ne da suka ɓata tsarin da suka tarar, kuma an yanke musu hukunci bayan bincike. Rinar da ke lambun Bajamushe kuwa 'yar gida ce, tana cikin tsarin tun kafin a gina gidan.

Abin da ke aiki, kuma ba a tallarsa

Yawancin abin da ke rage fitinar ƙarshen bazara ba a sayar da shi a kanti, shi ya sa ba a jin sa a talla. A tsince 'ya'yan itacen da suka zube kafin su ruɓe. A rufe kwandon shara, a nisanta shi da wurin zama. A rufe abinci da abin sha idan ana ci a waje, a goge wa yara baki da hannu bayan sun sha zaƙi. A sa raga a taga. Idan ta zo, kada a kai mata duka, kada kuma a hura mata iska da baki, domin iskar numfashi alamar haɗari ce a wurinta. Masu kare halittu a Jamus kan ba da shawarar a ajiye 'yan inabin da suka nuna sosai a wani kusurwa nesa da tebur, tun kafin a zauna, ta saba da zuwa can.

Akwai kuma abin da ba a yi ko kusa. Ba a toshe ƙofar gidan da ke cikin bango, domin za su tauna wata hanyar, kuma tana iya ɓullowa cikin ɗakin kwana. Ba a zuba fetur a rami. Ba a kai wuta. Wanda kuma ba ya son gida a rufinsa baɗi, lokacin aikinsa hunturu ne, ya toshe ramuka da tsaguwar bango sa'ad da babu kowa a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Namu rabon a maganar

Kalandar Turai ba tamu ba ce. Ba mu da ƙanƙarar da za ta share gidan rina a Nuwamba, rinarmu kuma ba ta tara dubban ma'aikata a ɓoye. Gidanta ƙarami ne, buɗaɗɗe, rataye da siririn wuya a ƙarƙashin rufi. Amma sana'arta ɗaya da ta 'yar uwarta: farautar tsutsa don ciyar da 'ya'ya. Zanzaro kuwa, mai ginin laka a kusurwar ɗaki, shi kaɗai yake zaune, ba shi da runduna, ba ya neman kowa da faɗa, kuma duk ɗakin lakar da aka fasa za a tarar da shi cike da gizo-gizo ko tsutsar da ya kwaso.

Abin da muke yi musu ya fi na Turawa muni. Wani ya ɗaure tsumma a sanda, ya jiƙa da kananzir, ya kunna, ya miƙa ƙarƙashin jinka ko silin. Wani ya ɗauko fiya-fiya, gubar da Tarayyar Turai ta hana amfani da ita, wadda hukumar NAFDAC ma ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabenta a 2019, ya yayyafa a ɗakin da yara za su kwana. Don gudun kumburin kwana biyu, an sa gida a bakin gobara, an sa huhun yaro a bakin guba. Manomin da ke ƙone gidan rina a bakin rumbunsa da safe, shi ne da yamma zai ci bashi ya sayo maganin tsutsar masara.

Ba daga Jamus za mu fara koyon wannan ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu baki ɗaya, Allah Ya yi masa wahayi na zargi a kan halaka al'umma guda saboda cizon ɗaya. Malamai sun halatta kashe abin da ke cutarwa don tunkuɗe cutarsa, amma sun raba tsakanin tunkuɗe cuta da ramuwar gayya, kuma an hana azabtarwa da wuta.

Saboda haka, ko a Hambug kake ko a Haɗeja, idan ka ga gidan rina, ka yi wa kanka tambaya uku kafin ka motsa. A hanyar mutane yake? Akwai wanda harbi ɗaya zai iya kai shi asibiti a gidan nan? Na tabbata wannan ce ke damuna? Idan amsar ta nuna haɗari, a cire shi da hankali, ba da wuta ba, ba kuma da gubar da ta fi rinar illa ba. Idan kuwa ba ta nuna ba, ka mayar da gwangwanin inda ka ɗauko shi, ka rufe kofinka, ka bar ta ta koma gona.